Takarda ta Ɗari da Sha Bakwai

Na shigo Nima da takardu ɗari uku a jaka,
kowace da tambaya ashirin da huɗu,
kowace tambaya da 'yan ɗakuna biyar:
na yarda sosai, na yarda, ban sani ba,
ban yarda ba, sam ban yarda ba.
Malamina a Legon ya ce kada in zaɓi ƙofa da son rai,
in ƙirga gida bakwai, in yi sallama a na takwas.
Haka na yi, ina tsallake kwata, ina duƙa wa igiyar shanya,
har gidan ƙawar mahaifiyata na wuce ban gaisa ba
don shi ne na shida.

Kada kowa ya raina ƙidaya.
Shekara nawa Malam Gariba yana faɗa a bakin masallaci
cewa lalaci ne ya cinye yaran bana?
Aka yi ta gyaɗa kai, magana ta samu wurin zama.
Sai lissafi ya zo, shi da ba ya jin kunyar rawani,
ya ce cikin goma da suka bar aji
shida kuɗin mota ne ya kayar da su.
Muka raba koko da ƙosai a makaranta biyu,
muka bar biyu haka nan, muna kallo.
Wata uku, rajista ta buɗe baki da kanta.
Wanda ya musa ya zo ya sake awo, mudun yana nan.
Sai dai ban faɗa wa taron ba
cewa da yunwar waɗancan biyun muka auna ƙoshin waɗannan.

To, ga takarda ta ɗari da sha bakwai.
Iya Adiza, mai tuyar doya a gangaren Mamobi.
Tambaya ta tara: mutum nawa ne a gidanki?
Ta ce, da rana ko da dare?
In sa da ɗana da ya bi hanyar hamada shekara huɗu,
wanda tabarmarsa ke naɗe a bayan ƙofa?
Ɗakin amsar bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Na rubuta takwas.

Kin yarda makaranta na amfanar jikanki?
Ta dubi birona, ta dubi takalmina,
ta ce na yarda sosai,
kamar yadda ake ce wa baƙo lafiya lau
alhali ana jinya a ƙuryar ɗaki.
Sai da na zuge jaka, ta miƙo min doya da yaji, ta ce:
Mutala ya iya canjin sidi tun bai famfara ba.
Yana ciniki da Tuwi, yana faɗa da Ga,
yana mafarki da Hausa.
Suka tambaye shi da Turanci,
suka rubuta a katinsa: ba ya ganewa.
Wani ya karanta masa. Bai koma ba.

Babu ɗakin wannan a takardata.

Da dare na zuba amsoshi a kwamfuta,
layi ya miƙe sambal, gwanin sha'awa,
Mutala kuwa ɗigo ɗaya ne can gefe, ya kauce wa jama'a.
Aka ce irinsa cire shi ake yi.
Na daɗe da yatsa a sama.
Mudu yana auna gero, ban ce ƙarya yake ba,
amma ba shi ya kwana da yunwar ba.

Na warware ƙunshin doyata, ta huce.
Takardar ƙunshin, ashe, ta wani ce da ya riga ni zuwa:
tambaya ashirin, 'yan ɗakuna biyar biyar.
Mai ya jiƙe ta, ya ratsa har baya,
ya taru ya yi duhu
daidai kan ban sani ba.